Gandun ƴan'uwa biyu da kan kusu

Ran 16 ga watan Oktoba na shekarar 2023 kamfanin Disney ya cika shekara ɗari da kafuwa. Shekara ɗari ba abin wasa ba ce ga kowace irin sana'a, balle sana'ar da ita kanta wasa ce. A ƙasarmu maƙeri yana barin uwar maƙera ga ɗansa, majemi yana barin majema, bafatake yana barin jari da sunan gida. Amma tsohuwa mai gatana, ran da ta kwanta dama, ba a zama rabon gadon bakinta, domin ba a ɗauke shi dukiya ba. To, ga wasu ƴan'uwa biyu can Amurka, wa da ƙane, sun kafa gida bisa gatana da zanen dabbobi. Gidan ya ga bayansu, ya ga bayan ƴaƴansu, yana nan tsaye, har inuwarsa ta iso Maraɗi da Damagaram da Tawa, bisa jakunkunan ƴan lakwal da rigunan yara na gwanjo.

Ni malamin koleji ne. Wani sa'i ina karantar da tatsuniyoyin Charles Perrault cikin Faransanci, wani sa'i ina sa yara su rubuta labarin Gizo da Ƙoƙi cikin Hausa. Saboda haka ba da idon ɗan kasuwa nake duban tarihin wannan gida ba, ba kuma da idon mai neman laifi ba. Tambaya guda ce ke bi na duk inda na buɗe tarihin: yaya aka yi abin da kakanni ke bayarwa kyauta a tsakar gida ya zama dukiyar da ake gada, ake sayarwa, ake kai ƙara a kanta? Akwai ƴan ranaku cikin shekarun nan ɗari da ke ba da amsa, su ne nake so mu bi ɗaya bayan ɗaya tare da mai karatu.

Da karyewar jari abin ya soma. Walt Disney, wanda aka haifa a 1901, ya buɗe ɗan ɗakin zane a birnin Kansas tun yana saurayi, kuma abin da ya fara mai da shi zane mai motsi shi ne tatsuniyoyin Turai da kowa ya sani, irin su Le Petit Chaperon rouge da Le Chat botté da Cendrillon. A 1923 jarin ya karye, ya hau jirgin ƙasa ya nufi Kalifoniya, inda wansa Roy, wanda ya girme shi da shekara takwas, ke jinyar tarin fuka a asibitin tsofaffin soji. Da wata mai rarraba finafinai a Niyok, Margaret Winkler, ta yarda za ta sayi zanensa, sai Walt ya je ya taso wansa daga gadon jinya. Suka ranci kuɗi wurin dangi, suka sa wa kamfanin sunan ƴan'uwa Disney. Tun ranar rabon aiki ya fito fili: ƙane ya riƙe alƙalamin zane, wa, wanda ya taɓa aikin banki, ya riƙe littafin lissafi. Bahaushe ya san wannan tsari, gandu ke nan: ana noma tare, ana zuba hatsi a rumbu guda, akwai kuma wanda ba a buɗe rumbun sai da saninsa.

Darasin da ya sa gandun ya ɗore kuwa a 1928 aka koya musu shi, kuma da zafi. Shekara guda kafin nan sun ƙirƙiro wani zomo mai suna Oswald, ƴan kallo suka karɓe shi hannu biyu. Walt ya tafi Niyok neman ƙarin kuɗi wurin Charles Mintz, mijin Winkler, wanda a lokacin shi ke riƙe da cinikin. Sai ya tarar ragi ake shirin yi masa, an kuma riga an janye mafi yawan masu zanensa a ɓoye, sa'an nan takardar yarjejeniya ta nuna zomon ba nasa ba ne, na kamfanin Universal ne. Shi ya yi kiwo, wani ke da saniya. Ya koma gida, shi da Ub Iwerks, gwanin zanen da ya ƙi bin Mintz, suka fito da wani kusu mai faɗin kunnuwa, ko ɓera in ji mutanen Kano. Ran 18 ga Nuwamba 1928 aka nuna Steamboat Willie a Niyok, zane na motsi sauti na bin sa daidai wa daida, duniya ta san Mickey. Daga wannan rana ƴan'uwan ba su sake yarda wani ya mallaki abin da suka zana ba. Kusun ya hau bangon littattafan rubutu na ƴan makaranta, ya hau agogo, kowane hawa kuma da kuɗinsa. A watan Oktoba na 1934 aka fara buga Le Journal de Mickey a Faransa.

Ta wannan jarida ce kusun ya same ni. Muna ƙarshen firamare, a ɗakin karatu na cibiyar al'adu, akwai tsofaffin fitowa da suka sha hannu har bangonsu ya yi laushi kamar tsumma, an jera su kusa da Kouakou. Mu da ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba muka san Picsou, tsohon agwagwan nan marowaci da ke iyo cikin rumbun kuɗi, har muka raɗa sunansa ga wani mai tebur na unguwarmu da ba ya ba da bashi ko na alawa guda. Faransancin da na fara karantawa don kaina, ba don tsoron bulala ba, daga bakin waɗannan agwagi na ji shi. Na ci gishirin gidan, ba kuwa zan yi butulci ba.

Babbar cacar gidan ita ce Blanche-Neige et les Sept Nains, dogon fim na zane wanda mutanen Holiwud suka yi ta kira wautar Disney tun yana kan aiki. Ya ci kusan dalar Amurka miliyan ɗaya da rabi, Roy ya yi ta zarya banki har ƙafa ta gaji. An fara nuna shi ran 21 ga Disamba 1937, ya tara kusan miliyan 8 a zagayen farko, da kuɗinsa aka gina sabon gidan zane a Burbank. Labarin kuwa ba su biya kowa ko tamma a kansa ba: ƴan'uwa Grimm ne suka buga shi a Jamus a 1812, su ma a bakin mutane suka ji shi. Ban ga laifi a nan ba. A daidai waɗannan shekaru Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, yana ɗebo labaru daga Larabawa da Indiya da su Grimm ɗin nan, yana sa musu riga da rawani har ba mai cewa baƙi ne. Gatana rijiyar gari ce, kowa da gugansa. Bambancin yana ga abin da ya biyo bayan ɗiban: ruwan da Disney ya ja, tulu mai hatimi ya zuba shi, doka kuma ta tsaya gadin tulun.

Su wa suka ja gugar? Ɗaruruwan masu zane ne da masu shafa launi, domin kowace daƙiƙa ta fim hoto 24 ce, kuma da hannu ake yin kome. A ƙarshen watan Mayu na 1941 da yawa daga cikinsu suka shiga yajin aiki, kan albashi, da ƴancin ƙungiyar ƙwadago, da kuma sunayensu da ba sa fitowa a gajerun finafinai, inda sunan Walt ke tsaye shi kaɗai. Walt, wanda ke kallon su kamar ƴaƴan gida, ya ɗauki abin cin amana, bai kuwa manta ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Su kuma sun gane cewa ɗan gidan da ba shi da rabo a rumbu bara ne, ko da a akushi guda yake cin tuwo da maigida. A ƙarshe kamfanin ya amince da ƙungiyar.

Fim ɗin da ya fi taɓa ni cikin tarihin gidan shi ne wanda gidan da kansa ya ɓoye, kuma sai na bi ta ɗakin kakata kafin in kai gare shi. Kakata, Allah shi jiƙanta, tana da gatanar Gizo da budurwar danƙo. Gizo ya addabi wata gonar gujiya da sata, mai gona ya ƙera budurwa da danƙo ya kafa ta a bakin gona. Gizo ya zo da dare ya yi mata sallama, shiru. Ya sake, shiru. Ya kai mata mari, hannu ya manne. Ya ƙara da ɗayan, ya manne. Ya yi shuri, ƙafa ta manne, har gari ya waye aka same shi rungume da ita. A nan kakata takan tsaya ta dube ni ta ce: « To angona, ƙuli-ƙulin da na aje cikin ƙwarya, shi ma Gizo ne? »

Ina jami'a a Yamai na tarar da wannan gatana a jihar Jojiya ta Amurka. Gizo ya zama zomo, mai gona ya zama dila, danƙo ya zama kwalta, amma mari da shuri suna nan yadda suke. Masana da yawa sun tafi a kan cewa bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka ƙetare teku da irin waɗannan labaru, kayan da ba a iya ƙwacewa a bakin jirgi. Wani ɗan jarida farar fata, Joel Chandler Harris, ya ji su a bakin bayi yana yaro, ya buga su a 1880 ta bakin wani tsoho da ya kira Uncle Remus. Disney ya sayi haƙƙin littattafan wurin magadan Harris, a 1946 ya fito da Mélodie du Sud. Mai karatu ya dubi jerin: waɗanda suka ɗauko labarin a ka ba su sami kome ba, wanda ya rubuta ya sami suna, magadansa suka sami kuɗi. Ran da aka buɗe fim ɗin a birnin Atlanta, James Baskett, baƙar fatar da ya fito a matsayin tsohon, bai halarci bikin ba, saboda wariyar launin fata da ke mulkin garin. Tun lokacin ƙungiyoyin baƙaƙen Amurka suka soki fim ɗin da cewa ya shafa wa zaman gonakin kudu zuma. Rabon da a nuna shi a silima a Amurka tun 1986, kuma da kamfanin ya buɗe dandalinsa na intanet, Disney+, a 2019, bai sa shi ciki ba. Tulun yana nan da hatiminsa, mai shi na jin kunyar buɗewa.

Yaƙin duniya na biyu ya rufe kasuwannin Turai, Pinocchio da Fantasia na 1940 ba su mai da kuɗinsu a lokacin ba, bashi ya taru. Wadda ta fid da gidan kunya ita ce Cendrillon a 1950, marainiyar nan ta littafin Perrault na 1697. Kowace shekara, kafin mu buɗe littafin, nakan tambayi ƴan aji wa ya san labarin. Hannuwa su tashi, musamman na ƴan mata, sun gani a tele ko a wayar yayyensu. Abin lura shi ne bakinsu ɗaya: riga shuɗiya ce, ɓeraye ne ƙawayenta masu ɗinki, daren rawa guda ne. Idan muka karanta suka ga Perrault ya ce dare biyu aka yi, rigar ta zinariya da azurfa ce, ta kuma yafe wa ƴan'uwanta har ta aurar da su ga manyan fada, ba a rasa wadda za ta ɗaga hannu ta ce: « Mushe, mai littafin nan bai iya labarin ba. » Washegari a darasin Hausa, in na ce a ba ni gatanar ɗiyar bora da ɗiyar mowa, sai aji ya kaure. Ta Tibiri daban, ta Madarunfa daban, ta Tasawa daban. Wannan ta ce kogi aka aike ta, waccan ta ce rijiya. Amma ba wadda ke cewa ƴar'uwarta ba ta iya ba, abin da suke cewa shi ne: « Mu a gidanmu haka ake faɗi. » Wannan ba laifin kowa ba ne, halin hoto ke nan: idan ya zauna cikin ido, ya kori sauran. Gatanar baka ɗiya da yawa gare ta, sai dai duk ranar da bakunan suka yi shiru ba ta bar kome ba. Ta allo ɗa guda gare ta, amma ba ya mutuwa.

Mu koma ga wa da ƙane, domin ba kullum suke shiri ba. Sa'ad da Walt ya ƙudura gina filin shaƙatawa inda iyaye da yara za su shiga cikin gatana da ƙafafunsu, Roy ya ja baya, don shi ya san abin da ke cikin rumbu. Walt ya kafa nasa ƙaramin kamfani a 1952, watau gayauna a gefen gandu, ya ci bashi bisa inshorar ransa. Daga baya Roy ɗin ne ya je ya ƙulla yarjejeniya da gidan talabijin na ABC, wanda ya zuba kuɗi domin a ba shi shiri na mako-mako. Aka buɗe Disneyland ran 17 ga Yuli 1955 a Anaheim, bayan ta ci dalar Amurka miliyan 17. Walt ya rasu ran 15 ga Disamba 1966 yana da shekara 65, ya bar makeken fili da aka saya a Filorida ba a aza ko tubali ba. Roy, dattijo mai shekara 73 da ke shirin ajiye aiki, ya fasa. Ya tsaya kan ginin har aka gama, ya kuma dage a sa wa wurin cikakken sunan ƙanensa, Walt Disney World. An buɗe ran 1 ga Oktoba 1971. Ran 20 ga Disamba na wannan shekara Roy ya bi ƙanensa. Sunan ƙane ne bisa ƙofa, duniya kuma shi ta sani, amma wanda ya karanta tarihin da natsuwa ya san wa ya riƙe ginshiƙi.

Gandu da wuya ya kai jikoki yana guda. Surukin Walt, Ron Miller, ya hau shugabanci a 1983. A 1984 wani mai farautar hannun jari, Saul Steinberg, ya yunƙura ya saye kamfanin ya sayar da shi gunduwa-gunduwa, sai da aka biya shi ya janye. Ɗan Roy, wanda shi ma Roy ne sunansa, ya haɗa kai da masu jari aka sauke mijin ɗiyar ƙanen ubansa, aka ɗauko Michael Eisner daga waje. Shi ne kuma, bayan shekara ashirin, ya ja gangamin da ya kai ga tafiyar Eisner a 2005. Ya rasu a 2009. Daga nan suna ne na iyali, dukiya ta masu hannun jari ce. Sababbin masu riƙo suka faɗaɗa darasin 1928, suka shiga sayen rumbunan wasu: Pixar a 2006 kan dalar Amurka miliyar 7,4, Marvel a 2009 da Lucasfilm a 2012 kan kusan miliyar 4 kowanne, sa'an nan babban sashen kamfanin Fox a 2019 kan miliyar 71. Har zomon nan Oswald ya dawo gida a 2006, bayan shekara 78, an yi musayarsa da wani mai sharhin wasanni, Al Michaels, da ke son komawa gidan talabijin na NBC. Gidan bai manta abin da aka ƙwace masa ba.

Mu masu karantar da Faransanci muna da tamu rana cikin wannan tarihi, 12 ga Afrilu 1992, ran da aka buɗe Euro Disney a Marne-la-Vallée, gabas da birnin Faris. Masana da marubutan Faransa suka ta da jijiyar wuya, har shugabar ƴan wasan kwaikwayo Ariane Mnouchkine ta kwatanta abin da bala'in Chernobyl a fagen al'ada. A tsakiyar filin kuwa fadar La Belle au bois dormant ce ke tsaye. Watau gatanar Perrault ta je Amurka ta yi ado ta dawo gida, jikokin Perrault na bin layi suna sayen tikiti su gaishe ta. In haka ta sami Faransa, mai akademi da ma'aikatar al'adu da maɗaba'u ba iyaka, ina ga mu?

Afirka ta shiga gidan ta ƙofar gaba a 1994 da Le Roi Lion. Mun kalle shi a gidajen bidiyo, dala biyar kuɗin shiga, mun kuma ji daɗinsa, ko da yake Afirka ce da babu ɗan Adam ko guda a cikinta. Cikin waƙoƙin da aka ji a fim ɗin akwai wadda asalinta Mbube ce, wadda Solomon Linda, Bazulu, ya rera da ƙungiyarsa a Johannesbag a 1939. Ya bar wa kamfanin faifai haƙƙinta kan ƴan sulalla. Waƙar ta ƙetare teku, aka sauya mata suna da baiti, ta tara wa wasu dukiya, shi kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a shekarar 2000 ɗan jarida Rian Malan ya tono zancen, a 2004 aka shigar da ƙara da sunan magada, a 2006 kamfanin da ya ba Disney izinin waƙar ya yarda ya biya su. Abin da ya ceci ɗiyan Linda shi ne faifai: akwai suna, akwai shekara, akwai muryar da alƙali zai saurara. Bayin Jojiya ba su da faifai. Kakata ma ba ta da shi.

Wani zai ce ai mu ba mu da masu irin wannan fasaha. Muna da su. Moustapha Alassane, Allah shi gafarta mashi, wanda aka haifa a 1942, da wasan inuwa ya fara, fitila da kwali, kafin ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, ya kuma je Kanada wurin Norman McLaren. A 1966, shekarar da Walt ya rasu, ya fito da Bon voyage Sim, ƴan mintoci na kwaɗi masu shugaban ƙasa da jirgin sama da faretin tarba, wanda duk ɗan Afirka na zamanin ya gane inda aka dosa. Ya yi Samba le grand a 1977 da ƴan tsana, ya yi Kokoa, inda dabbobi ke kokowa irin tamu. Ya zauna a Tawa, ya mai da wani sashe na masaukin baƙinsa ɗakin aiki, ya rasu a Wagadugu a 2015. A 2017 babban gidan adana fasahar zamani na Niyok ya nuna finafinansa. A ajina kuwa da wuya a sami yaron da ya taɓa ganin kwaɗinsa. Hannu bai rasa ba, basira bai rasa ba. Roy ya rasa: wanda zai riƙe littafin lissafi, ya yi zarya banki, ya ɗora kwaɗon bisa bangon littafin ƴan lakwal, ya kuma tsaya bayan mutuwa ya gama ginin.

Tulu ma ba ya zama rufe har abada. Lokacin da aka haifi Mickey dokar Amurka shekara 56 take ba mai aiki. A 1976 aka mai da ita 75. A 1998, da wa'adin ya matso, majalisa ta ƙara 20, Disney na cikin masu matsa lamba, har masu ba'a suka raɗa wa dokar sunan kusun. Amma ran 1 ga Janairu 2024 wa'adi ya cika, Mickey na Steamboat Willie ya zama na kowa a Amurka, ko da yake sifofinsa na baya-baya da tambarin kasuwanci suna hannun kamfanin. Bayan shekara 95 ruwan guga guda ya koma rijiya. A watan Fabrairu na wannan shekara kuma Disney ya nuna Iwájú, labarin Legas ta gobe, wanda ya yi tare da Kugali, kamfanin wasu samari ƴan Najeriya da Yuganda. Wannan karo sunayen ƴan Afirka na bisa aikin, domin da nasu kamfani suka zo wurin ciniki.

Ba ina kira a buga wa Gizo hatimi ba. Ran da aka ce sai da izini yaro zai faɗi gatanar budurwar danƙo, mun yi hasarar da ta fi ta Linda. Kakanninmu sukan hana gatana da rana, su ce mai yi zai ɓata a kasuwa. To yau gatana ta riga ta fita kasuwa da rana tsaka, da mu ko ba mu, abin da ya rage shi ne kada ta ɓata. Muna da rumbuna. Cibiyar nazarin al'adun baka ta CELHTO tana Yamai tun 1968, akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, yarjejeniyar Bangi ta 1977 kuma, wadda Nijar ke ciki, ta ambaci kayan gargajiya cikin abin da ake karewa. Abin da ake bukata shi ne a buɗe waɗannan rumbuna ga matasa masu zane da kwamfuta, su kuma matasan su koyi karanta takarda kafin su sa hannu, sa'an nan iyaye su daina ganin mai zane ɗan wasa ne, mai lissafinsa kuma ɗan rakiya. Ni dai iyakar ikona aji ne. Kowane dogon hutu ina ba yara aiki guda: kowa ya zo da gatana daga bakin wani tsoho ko tsohuwa, ya rubuta yadda ya ji ta, a saman takarda kuma ya sa sunan mai faɗi, da garinsa, da rana, da shekara. Wannan shi ne ɗan faifan da nake iya yi musu.

Tun kaka da kakanni, in mai gatana ta kai ƙarshe cewa take ƙurungus kan kusu, yara su watse su kwanta. Kan kusun nan, da'ira uku, shi ne ƴan'uwa biyu suka mai da tambarin gidansu. Mu a kansa muke rufe labari, su a kansa suka buɗe littafin lissafi. Allah shi ba ƙasarmu masu gatana, shi kuma ba kowane mai gatana ɗan'uwan da zai tsaya masa.